Koyon Faransanci ta Manhajojin Intanet a Maiduguri: Sharhi kan Harshen Koyarwa da Abin da ake Koyarwa

1.0 Gabatarwa

Jihar Barno ita kaɗai ce a Nijeriya ta yi iyaka da ƙasashe uku, wato Nijar da Cadi da Kamaru, kuma a dukkansu ana gudanar da harkokin ofis da na makaranta da Faransanci. Wannan ya sa koyon harshen a Maiduguri ya zama buƙata ta yau da kullum ga fatake da direbobi da jami'an kan iyaka da ma'aikatan agaji, ban da ɗaliban da ke nazarinsa domin neman digiri. Tun daga wajejen 2012, manhajojin koyon harshe na intanet suka yawaita a wayoyin hannu, har wasu suka fara ganin cewa sun isa su cike giɓin ƙarancin malamai da littattafai.

Manufar wannan muƙala ita ce auna waɗannan manhajoji da ma'auni biyu. Na farko, da wane harshe suke yi wa mai koyo bayani? Na biyu, wane irin Faransanci suke koyar da shi? Za a nuna cewa duk da amfaninsu, sun ɗora mai koyo a kan doguwar hanya, domin suna bi da shi ta Ingilishi alhali Hausa ta fi kusa da Faransanci a muhimman sassan nahawu, sa'annan suna shirya shi domin zaman Faris alhali Kuseri da Njamena da Difa ne wuraren da zai yi amfani da harshen.

2.0 Matsayin Faransanci a Barno

Cuɗanyar Barno da Faransawa ta daɗe. A ranar 22 ga Afrilu, 1900 ne sojojin Faransa suka kashe Rabe a yaƙin Kuseri, daga nan kuma aka raba tsohuwar daular tsakanin Ingila da Faransa da Jamus. Rabon ya bar Barebari da Shuwa da Hausawa 'yan dangi ɗaya a ƙarƙashin harsunan mulki daban-daban. Bayan samun 'yancin kai, ƙasashen huɗu suka kafa Hukumar Tafkin Cadi a 1964, mai hedikwata a Njamena, inda kuma aka ajiye hedikwatar rundunar haɗin gwiwa ta yankin a 2015. Rikicin da ya ɓarke a 2009 ya kori dubban mutanen Barno zuwa yankin Difa da sansanin Minawao na Kamaru da gaɓar tafki ta ɓangaren Cadi, inda suka yi hulɗa da hukumomin da takardunsu na Faransanci ne.

Ta fuskar manufa, a ƙarshen 1996 Janar Sani Abacha ya bayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu, aka kuma sanya haka a cikin Manufar Ilimi ta Ƙasa, bugun 1998. Sai dai sanarwa ba ta samar da malamai. Ƙauyen Faransanci da aka kafa a 1991 domin ɗaliban jami'o'i su yi zaman ƙwarewa yana Badagiri ne, fiye da kilomita 1,500 daga Maiduguri, alhali tsakanin Maiduguri da Njamena bai kai kilomita 300 ba. Ke nan ɗalibin Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, yana zaune a bakin kogi amma ana tura shi nesa neman ruwa. A cikin wannan yanayi ne manhajojin suka shigo.

3.0 Ire-iren Manhajojin

Ana iya kasa manhajojin da suka shafi wannan nazari gida uku. Kashi na farko shi ne na darussan maimaici, wanda Duolingo ke wakilta. Luis von Ahn da Severin Hacker ne suka ƙirƙiro ta a Pittsburgh ta Amurka, aka kuma buɗe ta ga jama'a a 2012. Tsarinta shi ne gajerun jumloli da ake fassarawa ko a jera kalmominsu, tare da ba da maki da ƙirga ranakun da mutum ya jera bai yi fashi ba. Kashi na biyu shi ne na kafafen watsa labarai, wato shafin koyon Faransanci na TV5Monde da shirin Journal en français facile na RFI, inda ake sauraron labarai, a karanta rubutaccen abin da aka ji, a amsa tambayoyi. Darussan sun bi tsarin matakan ƙwarewa da Majalisar Turai ta fitar a 2001. Kashi na uku shi ne na fassara da hira, kamar Google Translate, wadda ta sanya Hausa a 2013 da Kanuri a 2024, da kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira da suka bazu tun daga ƙarshen 2022.

Adalci ne a fara da amfaninsu. Suna kawo wa mai koyo muryar mai harshen, ya maimaita ta iya son ransa ba tare da jin kunyar 'yan aji ba. Suna nuna kuskure nan take, abin da malami ɗaya a gaban aji mai cunkoso ba zai iya yi wa kowa ba. Haka kuma tsarin dawo da kalma bayan 'yan kwanaki yana taimaka wa hadda. Ga wanda ba shi da malami ko littafi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

4.0 Matsalar Harshen Koyarwa

Duolingo tana koyar da Faransanci ta harsuna da dama, ciki har da Ingilishi da Larabci, ta kuma ƙara Suwahili a 2017 da Zulu a 2022 cikin harsunan da ake koyo. Amma ba ta tanadi darasin Faransanci da Hausa ko Kanuri ba, haka ma shafin TV5Monde. Saboda haka mafi yawan masu koyo a Maiduguri ta Ingilishi suke shiga, wato su koyi harshe na uku ko na huɗu ta hanyar wanda su kansu ba su gama ƙwarewa a kansa ba. Tun a 1957 Lado ya nuna cewa mai koyo yakan ɗauko tsarin harshen da ya sani ya ɗora a kan sabo, inda suka dace ya sami sauƙi, inda suka saɓa ya sha wuya. Masana na baya sun nuna cewa kwatancin harsuna ba ya hango kowane kuskure, amma ba su kore amfaninsa a aji ba. Abin tambaya shi ne, tsakanin Hausa da Ingilishi wanne ya fi dacewa ya zama tsani?

4.1 Jinsi

Kowane suna tilo a Hausa ko dai namiji ne ko mace, kuma sifa tana bin jinsinsa. Haka abin yake a Faransanci, amma ba haka yake a Ingilishi ba:

(1) doki fari: un cheval blanc
(2) mota fara: une voiture blanche
(3) ka gaji: tu es fatigué
(4) kin gaji: tu es fatiguée

Manhajar da aka tsara domin mai jin Ingilishi takan ɗauki jinsi a matsayin baƙon abu, ta shafe darussa tana sabar da mai koyo cewa mota ma tana da jinsi. Bahaushe ya san wannan tun yana yaro. Abin da yake buƙata shi ne a nuna masa inda harsunan biyu suka saɓa: rana mace ce amma le soleil namiji, wata namiji amma la lune mace, gida namiji amma la maison mace. Haka nan yakan ɗauka cewa sunan da ya ƙare da wasalin a mace ne, dokar da ba ta aiki a Faransanci. Manhajar ba ta san da wannan tarko ba, domin ba mai jin Hausa aka yi wa ita ba.

Misalai na (3) da (4) suna kuma bayyana raunin fassarar inji. An daɗe da sanin cewa tsakanin harsuna biyu da ba su da isassun rubuce-rubucen da aka fassara a junansu, injin yakan ratsa ta Ingilishi. Da zarar ka gaji da kin gaji sun ratsa ta can sai su zama jumla ɗaya, bayanin jinsi ya salwanta, alhali Faransanci yana buƙatarsa.

4.2 Mallaka

A nan ne kwatanci ya fi amfani. A Hausa, ɗafin -n ko -r yana bin jinsin abin da aka mallaka, wakilin suna kuma yana bin jinsin mai mallaka: littafinsa, littafinta, motarsa, motarta. A Faransanci son livre na nufin littafinsa ko littafinta, sa voiture kuma motarsa ko motarta. Ke nan son da sa suna yin aikin -n da -r ne, ba aikin -sa da -ta ba. Malamin da ya san Hausa zai warware wannan cikin jumla biyu. Mai koyo ta Ingilishi kuwa yakan jingina son ga namiji, sa ga mace, ya yi ta faɗuwa a tambaya ɗaya, manhajar tana nuna masa ja ba tare da ta gano tushen kuskuren ba.

4.3 Korewa da Sauran Gine-gine

Korewa a Faransanci tana da sassa biyu da ke kewaye aikatau, kamar yadda ba ... ba ke yi a Hausa:

(5) Audu bai zo ba: Audu n'est pas venu
(6) ba Audu ba ne: ce n'est pas Audu

Kamancin yana da iyaka, domin a ba ya zuwa da kada ya zo sashe ɗaya ne kawai, kuma a Faransancin baka ana yawan zubar da ne. Duk da haka tsarin ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Bugu da ƙari, ina da shekara ashirin ya yi daidai da j'ai vingt ans, alhali mai bi ta Ingilishi yakan ce je suis vingt ans, wanda kuskure ne. Kalmar akwai ba ta sauyawa ko abu ɗaya ne ko da yawa, haka ma il y a. Sa'annan amfani da ku ga mutum ɗaya domin girmamawa, kamar yadda yaro ke yi wa dattijo, shi ne ainihin bambancin tu da vous, wanda Ingilishin yau ba shi da shi.

4.4 Togaciya game da Kanuri da Larabcin Shuwa

Ba kowane mazaunin Maiduguri ne Hausa ta zama harshensa na farko ba. Kanuri ba shi da jinsin nahawu, kuma aikatau yana zuwa ne a ƙarshen jumla, don haka waɗancan sauƙaƙe ba daga Kanuri za su zo ba. Sai dai mafi yawan masu jin Kanuri a cikin birnin suna jin Hausa, kuma Kanuri yana da nasa taimakon: wasalin tsakiya da ake rubutawa ǝ ya yi kusa da wasalin le da de, wanda Bahaushe kan mayar e ko a. Larabcin Shuwa kuwa yana da jinsi da mafayyacin suna al-, wanda ke sauƙaƙa fahimtar le da la. Darasin shi ne mai koyo a Maiduguri yana zuwa da harsuna biyu ko uku a bakinsa, manhajar kuwa tana tambayarsa guda ɗaya, wanda galibi shi ne mafi rauni a cikinsu.

5.0 Furuci

Hausa tana da wasula biyar, kowanne dogo da gajere, ga kuma tagwayen wasula biyu. Faransanci yana da wasulan gaba da ake furtawa da kewayayyun leɓɓa, kamar na tu da peu da peur, da kuma wasula 'yan hanci, kamar na vent da vin da bon. Ta ɓangaren baƙaƙe, Hausa ba ta bambanta p da f, kuma ba ta da v. Sakamakon haka port da fort kan zama ɗaya a bakin mai koyo, vous ya koma bout ko fou, dessus ya koma dessous, wato sama ta zama ƙasa. Haka kuma yakan cusa wasali tsakanin baƙaƙen da suka haɗu, kamar yadda ya yi wa kalmomin aro irin su burodi da direba.

Manhajojin suna da sashen da ke sauraron mai koyo, amma hukuncinsa biyu ne kawai, daidai ko kuskure. Wani lokaci ya karɓi furuci maras kyau domin sauran jumlar ta fito, wani lokaci ya ƙi ba tare da ya faɗi dalili ba. Gyaran p da f yana buƙatar a ce wa mai koyo ya rufe leɓɓansa gaba ɗaya a na farko, ya ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa a na biyu, a kuma jera masa kalmomi bibbiyu da wannan sauti kaɗai ya raba. Wannan darasi ba ya cikin tsarin da aka yi wa mai jin Ingilishi, domin shi ba shi da wannan matsala.

6.0 Wane Faransanci?

Ko da an warware batun harshen koyarwa, da sauran batun abin da ake koyarwa. Darussan farko na manhajojin maimaici sun ginu ne a kan rayuwar ɗan yawon buɗe ido: neman ɗaki a otal, odar abinci, tikitin jirgin ƙasa, da farashi da kuɗin yuro. Mai fita daga Maiduguri ta Gambarun Ngala zuwa Fotokol da Kuseri, ko ta Banki zuwa Amcide, ko ta Damasak zuwa Difa, kalmomin da zai fara cin karo da su su ne douane da laissez-passer da carte grise da dédouanement da bétail.

Batun kuɗi ya isa misali. Sefa iri biyu ce, ta Afirka ta Yamma da ake kashewa a Nijar da ta Afirka ta Tsakiya da ake kashewa a Cadi da Kamaru, ko da yake darajarsu ɗaya ce, wato 655.957 a kan yuro ɗaya tun daga 1999. A kasuwa kuma ba da faran ake ƙirgawa a harsunan gida ba. Bahaushen Nijar da dala yake lissafi, mai jin Larabcin Cadi da riyal, kowannensu faran biyar ne, don haka dala ashirin ita ce cent francs. Ɗan kasuwa yana buƙatar ya iya wannan juyi cikin hanzari, a kan wahalar da ke cikin soixante-dix, wato sittin da goma, da quatre-vingts, wato ashirin huɗu. Kuskure a nan asarar dukiya ce, kuma babu darasinsa a manhajojin.

Akwai kuma wata taska da aka bari, wato kalmomin Faransanci da Hausar Nijar ta riga ta ara: lakwal daga l'école, mushe daga monsieur, duwan daga douane, jandarma daga gendarme, kumandan daga commandant. Kalmar lakwal kaɗai ta isa a koyar da darasin mafayyacin suna, domin Hausa ta haɗiye l' ɗin ta ɗauke shi a matsayin sashen kalmar. Ya kamata a yaba wa RFI da TV5Monde a nan, domin labaransu sukan taɓo Afirka kuma ana jin muryoyin 'yan Afirka a ciki, sai dai amfaninsu ya fi yawa ga wanda ya riga ya wuce matakin farko.

Matsayin harshen a yankin ma yana sauyawa. A watan Maris na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, ta kuma ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Wannan ya ƙara nuna cewa Hausa da Faransanci za su ci gaba da zama kafaɗa da kafaɗa a ofisoshin maƙwabta, don haka fassara kai tsaye tsakaninsu sana'a ce mai makoma.

7.0 Ma'amala da Yanayin Wuri

Ana kiran waɗannan manhajoji masu ma'amala domin suna mayar da martani. Amma abin da Long (1996) yake nufi da ma'amala shi ne mutum biyu su yi ta daidaita magana har su fahimci juna, Swain (1985) kuma ta nuna cewa sai an tilasta wa mai koyo ya ƙirƙiri tasa jumlar kafin ya gano giɓin da ke cikin iliminsa. Zaɓen amsa ɗaya cikin huɗu bai kai wannan matsayi ba. Manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira sun matso kusa, domin ana iya tattaunawa da su, har a nemi bayani da Hausa. Sai dai ingancin Hausarsu bai kai na Faransancinsu ba saboda ƙarancin rubutun da aka horar da su da shi, kuma mai koyo na matakin farko ba shi da ma'aunin gane lokacin da suka yi kuskure.

Daga ƙarshe, duk tsarin ya dogara ne a kan wuta da layin sadarwa. Bayan dokar ta-ɓaci ta watan Mayu na 2013 an rufe layukan waya a Barno na tsawon watanni. A watan Janairu na 2021 aka lalata turakun wutar da ke tsakanin Damaturu da Maiduguri, birnin ya daɗe cikin duhu. A watan Satumba na 2024 kuma ambaliyar madatsar Alau ta mamaye unguwanni da dama. Manhajar da ke auna himma da yawan ranakun da aka jera ba fashi an gina ta ne a kan zaton cewa irin wannan ba ya faruwa. Ga kuma kuɗin data, wanda darussan bidiyo suka fi ci.

8.0 Kammalawa

Wannan muƙala ta nuna cewa manhajojin intanet suna da amfani wajen sauraro da maimaici da hadda, amma sun gaza ta fuskoki uku ga mai koyo a Maiduguri: suna bi da shi ta Ingilishi, ba su san kurakuran da harsunansa ke jawowa ba, kuma abin da suke koyarwa ya yi nisa da kasuwa da kan iyakar da zai je. Don haka matsayinsu na mataimakin malami ne.

Gyaran yana hannun masana harsunan Nijeriya, kuma kayan aikin suna nan. Akwai Ƙaramin Ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini (1987), da ƙamusun Faransanci zuwa Hausa na Caron da Amfani (1997), da ƙamusun Kanuri na Cyffer da Hutchison (1990). Abin da ya rage shi ne malaman Faransanci da na Hausa da na Kanuri, waɗanda sau da yawa tsangaya ɗaya suke zaune, su haɗa kai su tsara nahawun kwatanci domin aji, su naɗi muryoyin masu Faransanci na Kuseri da Njamena da Difa, su kuma shirya gajerun darussan sauti da za a iya saukewa sau ɗaya a riƙa turawa daga waya zuwa waya ba tare da intanet ba. Muddin ba a yi haka ba, ɗan Maiduguri zai ci gaba da zagayawa ta Ingilishi kafin ya yi magana da maƙwabcinsa da ke tsallaken kogi.